Har Da "A Riƙa Kula"

Dakoro, Talata, bayan isha'i.

Jiya na sa wani sabon tsarin aiki, Linux, a ordinatar ɗina, wato kwamfuta, kusa da Windows da ke ciki, don kawai in gwada. Ban gaya wa Baba ba, alhali shi ma yana aiki da ita. Na ce a raina ai ban taɓa kayansa ba. Na manta cewa yanzu in an kunna, baƙin allo ne ke fitowa da zaɓi biyu, in ba ka zaɓa da sauri ba sai ta wuce Linux da kanta.

Da safe na tafi lekol koyarwa. Baba ya kunna don ya ci gaba da tarihin gidanmu na Kornaka, wanda yake bugawa da yatsa ɗaya tun da ya aje aiki. Sai ya ga allon da bai sani ba, kuma babu rubutunsa. Inna ta ce sau huɗu yana kashewa yana kunnawa, ko fura bai sha ba.

Da na dawo na tarar ya mayar da ita jaka. Ya ce, "Hadiza, ki gafarce ni. Na taɓa wani wuri na ɓata maki ita. Hannun tsoho ne."

Na kunna ta, na danna maɓalli biyu na zaɓi Windows, rubutunsa ya dawo. Ya yi ta sa mani albarka, ya ce ba ya ƙara kunna ta sai ina kusa.

Na buɗe baki in faɗa mashi gaskiya. Abin da ya fito shi ne, "Ba komai, Baba, a dai riƙa kula."

Har da "a riƙa kula" na ce mashi.