Na Yi Masa Tayin Kurciyata Don Kara, Ya Ce Ya Karɓa

Bu Sulasmi, ki taimake ni da shawara kafin ranar Lahadi, don idan ta wuce shawarar ba ta da sauran amfani.

Shekarata hamsin da uku. Na karanta aikin injiniya a Bandung lokacin da duk ƙauyenmu ba wanda ya taɓa taka jami'a. Shekara ashirin da bakwai ke nan ina aiki a wani kamfanin sukari kusa da garin Klaten, a nan tsibirin Jawa. Da manajanmu ya tashi yin ritaya, a gaban matata ya ce kujerar tawa ce. Sai ga shi an ba Prasojo, wanda ni na koya masa aiki, ni na rufa masa asiri ranar da ya kusa ƙona mana tukunyar dafa ruwan rake. Ni kuwa aka tura ni ɗakin tsoffin takardu, wai mai ba da shawara. Shekara biyu ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofar. A da Prasojo ke sunkuya mini, yanzu ni ke sunkuyawa.

Abin da ya hana ni zaucewa kurciya ce, namiji mai waƙa, sunansa Lurik. Tun bai yi gashi ba na rene shi. Kullum da safe in wanke keji, in zuba gero, in ja igiya in ɗaga shi saman sandar gora, in zauna da shayina. Da ya fara sai in manta akwai wani kamfani a duniya. Matata takan tsokane ni wai ni da Lurik duk an ajiye mu a keji, sai dai shi ana sauraronsa.

Makon jiya Prasojo ya zo gaisuwar sallah. Ya ji waƙar, ya tsaya ƙarƙashin sandar yana ta yabo. Kin san tarbiyyarmu: babba ya yabi abinka, ka ce nasa ne, shi kuma ya ƙi, a yi dariya a wuce. Na ce, "Ai naka ne, Pak," wato yallaɓai. Na tsaya jiran ya ƙi. Ya yi murmushi ya ce direbansa zai zo ranar Lahadi.

Ɗan Jawa ne kamar ni, ya san yadda ake yi. Kujerar ba ta ishe shi ba ke nan? Idan na janye, na zama dattijo mai magana biyu, ga shi saura shekara uku in yi ritaya a ƙarƙashinsa. Idan na bayar, ban san abin da zai tashe ni da safe ba. Har na yi tunanin in buɗe kejin in ce ya tsere. Duk karatun da na yi bai koya mini cewa a'a ba.

Injiniyan Ɗakin Takardu, Klaten

*

Pak Injiniya,

Ba a kyauta maka ba a kan kujerar nan, ba zan ɓoye ba. Amma wanda ya yi alkawarin shi ya saɓa, Prasojo bai naɗa kansa ba. Kuma mutumin da ya tako gidanka gaisuwar sallah bai gama mantawa da kai ba.

Maganar tsuntsu kuwa, da bakinka ka yi tayin. Mai yiwuwa son zuciya ne ya sa ya karɓa. Mai yiwuwa kuma ya ɗauka hannun sulhu ka miƙa masa bayan shekara biyu kana ɗaure fuska, ya ji tsoron idan ya ƙi za ka ce ya raina ka. Ban san wanne ba ne, kai ma ba ka sani ba.

Kada ka buɗe kejin. Tsuntsun da aka rene a hannu ba zai kwana biyu a waje ba, ka rasa shi, ka kuma ɗauki ƙarya.

Ka je gidansa ranar Asabar, ba ofis ba, ba ta waya ba. Ka tafi da matarka, ku riƙe masa ɗan kurciya mai kyau wanda kunnenka ya zaɓa. Bayan an sha shayi ka ce masa ka yi gaggawar magana, Lurik ne abokin zamanka, ba za ka iya rabuwa da shi ba, amma za ka koya masa renon wannan. Kunyar ba za ta wuce minti biyar ba. Idan ya ƙullace ka, me ya rage zai ƙwace? Ɗakin takardu?

Sannan ka riƙa kai Lurik filin da masu kurciya ke haɗuwa a ƙarshen mako. Kana bukatar wurin da za a san ka ba da muƙami ba.

Ka daɗe kana jiran mutane su gane abin da kake so ba tare da ka faɗa ba, sun kuwa wuce sun bar ka. Wannan karon ka faɗa. Allah ya sassauta maka harshe ranar Asabar, ya bar ka da tsuntsunka.

Bu Sulasmi