Gyaɗar Kaka Kulu da Manhajar Ruwa

Balan, Ƙaramar Hukumar Gaya
Bayan Babbar Sallah

Zuwa ga taubashiyata Zuliha,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar zumunci, ina fatan kun koma Gafasa lafiya, ke da maigidanki Malam Kashim, kuma gajiyar hanya ta sake ku. Mun ji daɗin ziyarar Sallah, ko da yake tun tafiyarki nake neman cinyar ragona ban gan ta ba. Ban zargi kowa ba, na dai san 'ya'yan mace da zuwa da babbar jaka.

Kin san tun da kunnen nan ya yi nauyi na sallami kiran waya. Mutum yana magana ina cewa na'am, daga baya a ce na yi alkawarin abin da ban sani ba. Gwadabe direba ya ce duk ranar da ya ɗauki fasinjan Ajingi zai biyo ya karɓi takarda, shi ya sa na koma ga birona na tsohon malamin makaranta.

Magana biyu ce. Ta farko ban iya faɗa miki a gaban mutane ba. Irin gyaɗar Kaka Kulu da ke wurina ya salwanta. Gara ta huda rumbun ta ƙasa, da na zo fitarwa sai na tarar da ɓawo da ƙasa. Na daɗe zaune a gindin rumbun ban tashi ba. Kin san gyaɗar nan, 'yar ƙarama ja mai yawan mai, babu ita a kasuwa. Da ita tsohuwar ta zo gidan aure, ta raba wa mahaifina da Gwaggo Hure, mahaifiyarki. Yanzu duk zuri'armu ke kaɗai ke da ita. In taki ta lalace bana, shi ke nan.

Ta biyu kuwa, maiɗakina Ummu Salma ta tsegunta min cewa zaman da kika yi a gindin darbejiyar gidana kina latse-latse, wata manhaja kike saukewa mai faɗin ranar ruwa, kuma wai duk wata sai an cire miki kuɗi. Zuliha, a sayi waya, a sayi data, a biya mai caji, sannan a biya wani da ba a taɓa gani ba don ya ce gobe da hadari? Ni gwiwata ta hagu ke faɗa min, ba ta taɓa karɓar ko sisi ba.

Don Allah kada ki miƙa gyaɗar tsohuwa ga waya. Ki tona ƙasa da hannunki, in danshi ya yi zurfi ki shuka.

Ki gaida Malam Kashim, ki ce ina taya shi haƙuri da ke.

Ubangidanki, ɗan namiji,
Mu'azu

*

Gafasa, Ajingi

Yaya Mu'azu,

Wa'alaikumus salam. Lafiya lau muka iso, kuma cinyar ta yi daɗi, Allah ya maimaita. Ina gaida Ummu Salma duk da ta tona min asiri.

Labarin rumbunka ya taɓa ni ƙwarai. Ina karantawa na tashi na je na duba nawa buhun, na sa hannu har ƙasa, na shinshina. Lafiyarsa ƙalau, yana rataye a ɗaka da ɓawonsa. Sai na tuna yadda Kaka take soya mana ita a kasko da yashi, tana ba ni a tafin hannu, kai kuma tana cika maka hula don kai ne mai gida. Har yau ban yafe wannan ba.

Yanzu maganar manhaja. Ai ka san ni ba mai watsi da kuɗi ba ce, da tuyar ƙuli da matsar mai nake samunsu. Akwai ta kyauta, na gwada. Ba ta faɗa maka komai sai na yau, abin da kowa zai leƙa tsakar gida ya gani, ga tallace-tallace kamar ƙudaje. Wannan da nake biya kuwa tana nuna kwanaki masu zuwa a jere, kowace rana da hotonta, ko rana tsirara, ko gajimare da ɗigo a ƙasansa. Kuɗinta na wata bai kai kwalbar mai ɗaya ba. Akwai ma ta karatun Alƙur'ani da nake biya, don na gaji ana tsakiyar sura a katse da tallan sabulu. Ina tuya ina saurare, raina fes.

Kai kuma da kake min wa'azi, wa yake sayen batir duk mako ya zuba wa rediyon da ba ya ji? Ummu Salma ta ce kana rungume da shi kamar jariri.

Ka kwantar da hankalinka. Wayar ta ce damina za ta zauna da wuri bana. An gyara gonar, masu garmar shanu suna jirana.

Sannan ga watan cika-ciki ya kusa. Ka fara tanadin kuɗin shara tun yanzu, tunda kai ka ce kai ne ubangida. Bara tsohuwar takardar kuɗi mai faci ka ba ni, mai shago ya ƙi karɓa.

Malam Kashim yana gaisuwa, ya ce haƙurin ya zame masa jiki.

Taka,
Zuliha

*

Balan

Zuwa ga Zuliha,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna cikin ni'imar da muke ciki. Rediyona ba ruwanki da shi, ɗuminsa nake ji.

Ina sanar da ke cewa gwiwata ta fara aiki. Ranar Litinin ta motsa, Talata aka kwarara ruwa har kududdufin bayan gari ya kawo. Mun shuka gero da dawa. Ranar Juma'a aka ƙara, ƙasa ta yi laushi kamar tuwo. Wannan duk kyauta ne, ba a cire min komai ba.

Sai dai zan faɗi gaskiya, na Juma'ar ya shammace ni. Ina duƙe a gona da yamma na ba gabas baya. Da can cida ce take kora ni gida, yanzu kuwa sama na iya tsagewa ban sani ba. Makwabtana duk sun watse, suna ta ƙwala min kira wai, ni ina ta aikina. Sai saukar ruwa na ji a ƙeya. Na iso gida jagab, mura ta kwantar da ni, Ummu Salma tana ta faɗa ina kallon bakinta yana motsi. Gwiwar a ranar barci ta yi.

Abin da nake kewa a damina shi ne ƙarar ruwa a kan kwano. Yanzu sai dai in ga ana gudun kwashe shanya.

Ina labarin gyaɗa? Kin yi shiru, shirunki kuwa bai saba zama alheri ba.

Naki,
Mu'azu

*

Gafasa

Yaya Mu'azu,

Salamu alaikum. Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Ka zauna kafin ka karanta wannan, kuma in za ka yi dariya ka bari sai ka kai ƙarshe.

Mu nan ba a yi ruwan da kake faɗa ba. Yayyafi aka yi ranar Litinin, ƙasa ta ɗan jiƙa sama-sama. Na duba waya, ta nuna Talata ruwa mai yawa, Juma'a ma haka. Na ce to me ake jira? Aka yi huɗa, na ɓare rabin irin, muka shuka. Malam Kashim ya ce danshin bai kai ba, na nuna masa hoton gajimare na ce ya yi shiru. Talata ta zo ta wuce rana na ƙuna, Juma'a ma ko ɗigo. Da na je na tona, irin ya kumbura ya ruɓe, sauran kuma kurege ya yi Sallah da shi. Na yi kuka a gonar nan, ba zan ɓoye maka ba.

Har na ɗauki wayar zan goge manhajar sai ga Gwadabe da takardarka. Ina karantawa na ga Talata, na ga Juma'a da yamma, daidai yadda ta nuna min. Na koma na ƙura mata ido. Can sama, da ƙananan baƙaƙe, an rubuta Balan. Ashe ranar da na sauke ta a gindin darbejiyarka ta tambaye ni ko ta riƙe inda nake, na danna mata eh, na taho gida na bar ta a tsakar gidanka. Duk kuɗin nan da ake cire min, ruwanka nake biya. Ko ranar da ka jiƙe ina zaune ina kallon hadarin a hannuna, ina zaginta wai maƙaryaciya.

Na juya ta zuwa Gafasa, ta nuna min rana a jere ba iyaka. Na mayar da ita Balan, ga ɗigo nan reras. Ba ta riƙe gari biyu sai an ƙara kuɗi.

Abin da ya cece mu shi ne ɗabi'ar Kaka. Ka tuna ba ta taɓa ɓare iri duka rana ɗaya, sai ta rataye rabi ta ce na gobe ne. Haka hannuna ya yi ban ma yi tunani ba. Ga rabin nan na ba Gwadabe a buhu, na ɗinke bakin da kaina. Shi ke nan abin da ya rage a duniya. In na jira ruwan Gafasa lokaci zai ƙure, don haka ka shuka a gonarka. Wayar ta ce Asabar za a yi muku mai ƙarfi, kuma zai ɗore. Ka ga yanzu ban ce ka yarda da ita ba. Ka tona da hannunka kamar yadda ka ce.

To, yi dariyarka.

Taka,
Zuliha

*

Balan

Zuliha,

Salam. Buhu ya iso, na rataye shi a ɗakina inda nake ganinsa. Ban yi dariya ba.

Yau Asabar, ga la'asar ta wuce, sama wasai kamar an share. Gwiwa ma shiru. Ban ɓare ko ƙwaya ɗaya ba, kuma ba zan ɓare ba sai na ga ruwa da idona. Gwadabe yana ta min hon, wai, don haka na tsaya nan.

Mu'azu

*

Balan
Watan cika-ciki

Zuwa ga taubashiyata Zuliha,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Barkanmu da shiga sabuwar shekara, Allah ya sa mu ga ƙarshenta lafiya.

Manhajarki ta yi latti. Ta ce Asabar, sai Lahadi da hantsi ruwan ya sauko, ina so a rubuta wannan a ajiye. Amma da ya zo ya zo da gaske. Washegari na je na tona, hannuna ya nutse har wuyan hannu cikin danshi. Muka zauna ni da Ummu Salma muka ɓare, na ware kwano guda na mayar ɗaka saboda na gobe. Ban yarda ɗan ƙwadago ya taɓa ba, da kaina na bi kunya-kunya ina jefawa ina takewa.

Zuliha, ta fito. Jiya na tsaya a bakin gonar, ga ta nan layi-layi, ganyen ya buɗe, kore shar. Na tsuguna na taɓa ɗaya, sai ga hawaye, tsoho da ni. In Allah ya kai mu kaka, buhun farko naki ne, sauran mu raba wa duk jikan Kulu da ke da ko taƙi ɗaya na gona, kada a sake barin ta a hannun mutum ɗaya.

Dariyar da na riƙe kuwa na yi ta yanzu, har da tari. Baiwa ta biya wa ubangidanta kuɗin duba hadari ba tare da an sa ta ba. Tun da ake wasan taubasai ban taɓa jin biyayya irin wannan ba.

Ga kuɗin shararki a cikin ambulan, sababbi ne ƙar, ki nuna wa mai shagon. Na ƙara a kan na bara sosai. Ki kai wa mai tura kuɗi ya zuba miki, a ƙara wa manhajar gari na biyu, ki riƙa ganin ruwan Gafasa. Ban ce na yarda da ita ba. Al'ada nake cikawa.

Af, ina son in watsa wa geron taki a makon nan. Ba tambaya nake ba, amma in da abin da ta ce game da Alhamis, ba zan hana ki faɗa ba.

A gaida Malam Kashim, shi ne mai gaskiya tun farko.

Ubangidanki,
Mu'azu

*

Gafasa

Yaya Mu'azu,

Wa'alaikumus salam. Alhamdu lillahi. Na karanta wa Malam Kashim wurin da ka ce ta fito har sau biyu. Mu ma an yi mana ruwa, na shuka wake a gonar.

Kuɗi sun iso, na gode, amma ban ƙara gari na biyu ba. Na biya watannin gaba da su har zuwa kaka, na bar ta a Balan. Saman Gafasa ina ganinsa da idona, cidarsa kuma ina jin ta da kunnena. Kai ne ba ka ji.

Kullum da safe zan duba in kira Ummu Salma. In ta nuna maka sama da yatsa, ka dawo gida da wuri.

Alhamis kada ka watsa taki. Kuma ka tafi da laima.

Taka har kullum,
Zuliha