Haƙorin Kifin Fiji

Utaibiyya, Makka
9 ga Muharram, 1373

Zuwa ga Yayana Awwalu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da mutanen Mai Wurno duka. Yaya ƙafar nan taka? Mu nan alhamdu lillahi.

Na san za ka yi mamakin takardata bayan shekara goma sha huɗu. Kafin ka yage ta, kwance ƙunshin da Malam Mukhtaru zai ba ka. Ba laya ba ce, haƙorin wani ƙaton kifin teku ne.

A hajjin da aka gama, muɗawwifin da nake wa dako, wato mai yi wa alhazai jagora, ya haɗa ni da wani dattijo, Alhaji Yunus, daga tsibiran Fiji, can gaba da Jawa. Kakanninsa Indiyawa ne, amma cikin 'yan ƙasar ya tashi. A Mina jakar takardunsa ta ɓace, ya ce ni na ɗauka, a gaban jama'a. Ka dai san zuciyata. Na dire masa kayansa na kama gabana. Ashe jakar tana cikin shimfiɗarsa.

Bayan kwana uku sai ga shi a ƙofar gidana da wani tafinta Ba'indiye. Matata Asiya ta aiko masa da tabarma, ya ƙi, ya zauna a turɓaya. Ya sunkuyar da kai, ya tafa hannu sau uku, ya miƙo haƙorin nan da igiyarsa. Wallahi na ɗauka tsafi ne, saura kaɗan in kore shi. Tafinta ya ce sunan abin tambuwa. A ƙasarsu da shi ake tarbar babban baƙo, da shi mai laifi ke neman gafara, kuma in ka karɓa da hannunka, magana ta mutu. Na karɓa. Washegari ya haƙa rami a bayan gida, ya gasa mana rago a kan duwatsu masu zafi irin nasu, har maƙwabta suka ci.

Yaya, tun ranar ban samu sukuni ba. Mai furfura ya zauna a ƙasa saboda magana ɗaya, ni kuwa na bar ka a Sawakin, bakin teku, da Baba yana kwance, na shiga jirgin ruwa don kada hajji ya wuce ni. Kai ka yi jinyarsa, kai ka binne shi, ko ta'aziyya ban aiko ba. Kunya ce ta rufe mini baki. Ba ni da halin zuwa in zauna a ƙofarka, to ga haƙorin. In ba za ka iya karɓa ba, a dawo mini da shi, zan gane.

Ƙaninka mai neman gafara,
Rabe

Utaibiyya, Makka
20 ga Zulƙida, 1373

Yayana Awwalu,

Ina gaida kai da iyali, da fatan damina ta yi muku kyau.

Malam Mukhtaru ya iso jiya. Ina hango ƙunshi a hannunsa na ce shi ke nan, an dawo da haƙorin. Da na kwance sai ga carbin Baba. Na yi kuka a gaban maƙwabta, ko a jikina.

Ya ce haƙorin yana can rataye a ɗakinka. Ya ce kuma wai ka ce in daina wahalar da kifayen mutane, da goro ɗaya na aiko tun shekarar farko, da ya isa. Na gode, Yaya, Allah ya saka maka da Aljanna. Alhaji Yunus ya koma tsibirinsu bai san abin da ya yi mana ba, amma duk shigata Harami sai na ambaci sunansa.

Ga goron nan na aiko, ya makara da shekara goma sha biyar.

Ƙaninka,
Rabe