Dutsen Rijiyar Ƙanena

Zuwa ga jikata, amaryata,

Bayan gaisuwa mai yawa. Uwarki ta ce kin samu aiki a ɗakin bincike, inda kuke ɗaukar hoton ruwa yana ratsa dutse. Tun jiya bakina bai rufu ba, har maƙwabta sun gaji da ni. Da hannuna na rubuta wannan. Karatun yamma na yi da furfura, kada ki yi wa mijinki dariya.

Ga ɗan dutse a ƙunshe. Daga bangon rijiyar da ta rufta da ƙanena ne, shekara arba'in ke nan. Kafin ya sauka na gwada shi yadda mahaƙa ke yi: na zuba masa ruwa, bai sha ba, na ce bango lafiya, sauka. Har yau in guga ya bugi bango, sai in ji kamar shi ne ke kira a ja igiya. Ki sa shi a na'urarku, ki gaya mini gaskiya.

Allah ya yi miki albarka.
Kakanki.

*

Kaka, tsohon miji,

Ina gaisuwa da ladabi. Rubutunka ya fi na maigidanmu a wurin aiki kyau.

Na tura wa dutsen ruwa mai launi, na'ura tana ɗaukar hoton cikinsa. Ta sama, awa shida ruwan bai shiga ko kaurin farce ba. Da na juya shi ta gefe, minti huɗu ya ɓullo ɗaya ɓangaren, ta wasu hanyoyi sirara kamar gashi. Ido ba ya ganinsu. A rijiya kuwa, ta gefe ruwa yake zuwa.

Kwana uku takardar nan tana jakata, na kasa aikowa. Kaka, ta ina ka zuba?

Ka huta lafiya.
Jikarka.

*

Jikata,

Na gaishe ki. Ta sama na zuba, kamar yadda mahaifina ya koya mini, kamar yadda na koya wa wasu.

Na karanta takardarki sau biyu, na yi wa ƙanena addu'a. Amma bayansa rijiya goma sha ɗaya na haƙa da wannan gwajin, kuma har yau ana shiga yashe su. Gobe zan fara binsu da guduma. Ki shirya na'urarki, duwatsu na tafe. Zan yi wa saman kowanne alama da alli.

Kakanki.