Robar Ɗumi a Hannun Babur

Lahadi, 7 ga Janairu, 2024

Yau da asuba saura ƙiris in shige ƙarƙashin tirela a titin Madina, nan cikin Jidda. Na taso daga kasuwar kifi, akwatin jatan lande a bayana, zan kai gidan abincin Abu Nawaf a Abhur kamar kullum. Tirelar ta tsaya a gabana. Na ce wa hannuna ya matse birki, bai matse ba. Ina kallon yatsuna a kan ƙarfen kamar na wani mutum. Birkin ƙafa ne ya cece ni. Babur ya ja gefe, na tsaya ina shaƙar hayaƙin motar.

Na zauna a bakin titi har rana ta fito. Ban gaya wa matata Sadiyya ba. Ranar da matar nan ta ji, ba barci a gidan.

Sanyi ne. Iskar teku, da ƙanƙarar da nake tsoma hannu a ciki a kasuwa. Sanyi ne kawai.

Talata, 9 ga Janairu

Na sa safar hannu biyu. Duk da haka yatsu uku na dama sun mutu tun kafin in kai rabin hanya. Ina tafiya ina yarfe hannu kamar wanda kunama ta harba.

Wani mai cin abinci ya zo da ƙaton babur baƙi, ya ce duk ƙarshen mako yakan hau dutsen Ɗa'if da shi. Ya ga ina murza yatsu, ya ce in riƙe hannun babur ɗinsa. Robar da ake riƙewa ce take ɗumama da wutar batir, ga maɓalli a gefe. Ya ce in yi hankali, da zafi. Ni ɗumi-ɗumi na ji, mai daɗi.

Abin da nake bukata ke nan.

Laraba, 10 ga Janairu

Na je garejin Mus'ab. Tare muka tashi a unguwar Karantina kafin a rushe ta, shi ya sa ba ya jin nauyin yi mini dariya. Ya ce, "Rafi'u, a Jidda? Mutane na neman abin da zai sanyaya su, kai kana neman murhu."

Da ya ga ban yi dariya ba, sai ya ɗauko ma'auni ya gwada kaurin ƙarfen hannun. Iri biyu ne, in ji shi. Akwai wanda ake naɗawa a kan tsohuwar roba kamar bandeji, akwai wanda sai an cire tsohuwar an zura sabuwa. Na naɗawa yana ƙara kauri, birki zai yi wa yatsu nisa. Da na ji haka na ce na biyun. Ya ce batir ɗina ƙarami ne, in nemi wanda ke kashe kansa in wuta ta yi ƙasa, in ba haka ba wata safiya zan tura babur.

'Yata Naja'atu ce ta yi mini oda a waya. Yarinyar nan Hausarta rabi Larabci ce. "Abba, lesh, don me? Sanyin ma nawa yake?" Na ce tsufa ne. Ta ɗaga kai ta dube ni. Na tashi na shiga ɗaki.

Asabar, 13 ga Janairu

Kofin shayi ya suɓuce mini. A cikin gida, da rana tsaka, ba iska ba ƙanƙara.

Litinin, 15 ga Janairu

Kayan bai iso ba.

Ƙishirwa. Na shanye gora uku a hanya, bakina kamar takarda. Wandona ya yi mini yawa, Sadiyya ta ce aiki ne, ta ƙara mini shinkafa.

Ba na son rubuta wannan. Baba haka ya fara. Ruwa, ruwa, ruwa. Daga baya ƙusa ta shige shi a tafin ƙafa, ya yini da ita a takalmi bai sani ba, sai da Inna ta ga jini a tabarma. Ƙafar da aka yanke, ni na riƙe masa sanda ranar da aka sallamo shi.

Amma Baba ƙafa ce. Ni hannu ne. Kuma lokacin sanyi ne.

Alhamis, 18 ga Janairu

Ya iso. Bayan la'asar muka ɗaura.

Mus'ab ya tsaga tsohuwar robar da reza, ya kankare tsohon gam, ya goge ƙarfen da fetur har ya yi ƙyalli. Robobin ba ɗaya ba ne, ta ɓangaren totur ta fi faɗin baki, ni da na ɗauka kuskure aka yi. Ya fara zura su ba gam, ya juya totur ya ga inda wayar za ta kwanta ba tare da ta taɓa birki ba. Ya bar mata sako-sako, ya ce in ta ɗaure, ranar da na murɗa totur ba zai koma ba. Na tuna bayan tirelar nan, na ce ya sake dubawa. Ya sake. Na ce ya ƙara. Ya ce, "Halas, ya isa haka, ɗan'uwa, ko kai za ka ɗaura?"

Gam ɗin mai saurin kamawa ne, sai an tura robar da ƙarfi lokaci guda. Ya ce in tura ta hagu. Na tura, ta tsaya a rabi, hannuna ba ƙarfi. Ya buga ta da tafinsa ta shige. Ya dubi hannuna, ya ci gaba da aiki.

Ya bi da waya ƙarƙashin tanki zuwa batir, ya sa fiyus, ya haɗa ta yadda in an zare makulli wutar za ta yanke. Maɓallin yana da fitilu biyar, daga ɗumi zuwa zafi. Ya ce kada in kunna sai gam ya bushe sarai, kuma in fara daga na biyu.

Na dawo gida da sauƙin zuciya. Har na tsokani Sadiyya a kan gishirin miya.

Asabar, 20 ga Janairu

Da hagu nake rubutu.

Na kunna a na biyu daga kasuwa. Ban ji komai ba. Na uku. Na huɗu. Na cire safar, na kai shi na biyar, na riƙe gam har Abhur. Hagu ta ji ɗan wani abu, dama shiru. Na sauke kaya na wuce gareji a fusace, na ce wa Mus'ab ko kayan jabu ne ko shi ya haɗa ba daidai ba.

Ya ɗora hannu a robar, ya fizge da sauri yana hura yatsu. Ya dube ni. Ya ce, "Buɗe hannunka."

Fatar tafin ta yi ja, ta tashi, ƙuraje biyu cike da ruwa a gindin yatsu. Na tsaya ina kallo. Ko ɗigon zafi ban ji ba.

Ya jawo kujera ya zaunar da ni, ya zuba mini ruwa a hannun. Can ya ce, a hankali, "Wannan ba aikin gareji ba ne."

Lahadi, 21 ga Janairu

Ya Allah. Ya Allah.

Litinin, 22 ga Janairu

Na ce wa Sadiyya salansa ce ta ƙone ni. Ta warware bandejin don ta sa magani, tana yi tana ba ni labarin bikin ƙanwar Latifatu maƙwabciyarmu. Sai ta katse labarin. Ashe tana danna gefen ƙunar da farce, ni kuwa ina kallon talabijin.

"Abban Naja, tun yaushe?"

Na ce tun shigowar sanyi. Ta ce ba ta tambaye ni sanyi ba.

Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta ce gobe asibiti. Na ce in likita ya rubuta ba zan iya tuƙi ba fa? Aikina a iƙama, takardar zamana a ƙasar nan, shi ne wannan, kafilina mai tsaya mini shi ne Abu Nawaf, in ya ce ba ya bukatata ina za mu? Fasfo ɗina ya ce ni ɗan Damagaram ne. Ban taɓa ganin Damagaram ba. Naja'atu ko sunan unguwa ɗaya ba ta sani ba a can.

Ta ce, "In tirela ta taka ka, wa zai sabunta mana iƙamar?"

Ban san yadda ta ji zancen tirela ba. Mus'ab, watakila. Shi ma ban tuna na gaya masa ba.

Laraba, 24 ga Janairu

Ban je ba. Na hau babur, a hankali, a gefen titi, motoci na ta yi mini ham. Fitilun maɓallin a kashe. Tsoronsa nake ji kamar abu mai rai.

Da na dawo, Naja'atu ta makara, ta ce in kai ta inda motar makaranta ke tsayawa. Tun tana ƙarama take hawa bayana, ta riƙe rigata. Har ta ɗauko hular kwano. Na ji bakina ya ce a'a. Ta ce lesh. Na ce ta hau tasi.

Ta tafi tana fushi. Na tsaya a ƙofa ina kallonta har ta sha kwana. Ashe na sani. Kaina kawai nake yarda in ɗora a kan babur ɗin.

Alhamis, 25 ga Janairu

Asibiti. Sadiyya ta riƙe mini takalma.

Likitar 'yar Sudan ce, ta ji muna Hausa ta gaishe mu da ita. An ɗebi jini. Ta sa na rufe ido, ta ce duk inda na ji taɓi in ce na'am. Na jira ta fara. Na yi ta jira. Da na buɗe ido, tana tsugune a ƙafata da wani siririn zare a hannu, ashe ta daɗe tana taɓa ni, Sadiyya ta juya fuska bango.

Suga ne. Ya daɗe, in ji ta, ya taɓa jijiyoyi, ƙafa ma ta riga hannu. Na tambaya ko zai dawo. Ta ce za a iya tsayar da shi inda yake, wani abin kan dawo, wani ba ya dawowa. Na tambaya babur fa. Ta ce, "Kai me ka gani, Malam Rafi'u?"

Magunguna, da na'urar huda yatsa. Wai in riƙa duba tafin ƙafata da madubi kowace rana.

Lahadi, 28 ga Janairu

Na tsaya a ƙofar ofishin Abu Nawaf. Ya ce akwai magana? Na ce jatan landen yau ƙanana ne.

Talata, 30 ga Janairu

Na faɗa masa. Duk abin da na tsara a hanya ya gudu, sai kawai na buɗe hannun a kan teburinsa. Ya daɗe yana kallo.

Ya ce babur halas, wato na gama hawansa. Kifin asuba motar gidan za ta riƙa ɗaukowa, ni in bi direba, tunda ni na san masu sayarwa kuma ba sa ba ni na jiya. Da rana in tsaya wajen sikeli. "Har ka warke," in ji shi. Bai ce in ban warke ba me zai faru. Ni ma ban tambaya ba. Zancen iƙama sai lokacinsa ya zo.

Alhamis, 8 ga Fabrairu

Ƙunar ta bushe. Yatsun suna nan yadda suke.

Motar kifi wari take, direban kuma ba ya rufe baki. Ba abin da ya haɗa ta da babur. Yau dai barci ya ɗauke ni tun daga titin Madina, sai a Abhur ya tashe ni. Rabona da in wuce wurin nan ban tuna tirelar ba, na manta.

Da yamma wani mai kai saƙo ya ga babur ɗin a rufe a ƙofar gida. Ya ɗaga tampol, ya taɓa robar, ya ce shi Abha za a mayar da shi, can sanyi ba wasa. Ya tambaya ko na sayarwa ne.

Ba na sayarwa ba ne.

Amma na ce ya dawo bayan azumi.