Zogalen Kaka da Sanyin Tsohuwa

Al-Suwaidi, Riyad

Zuwa ga Kakata Delou,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da fatan ƙafarki ta yi sauƙi. Yaya mutanen Maradi? Turai, in kina karanta mata, ki ɗaga murya.

Kaka, irin zogalen da kika ƙulle mini a bakin zane ya fito! Guda ɗaya ne ya tsira, amma har ya kai tsawon hannuna. A tsohon bokitin fenti na shuka shi, ya yi sanyin bana duka a kicin. Makon nan gari ya yi ɗumi, sai na hau da shi saman bene ya sha rana.

Can na haɗu da Ummu Amir, tsohuwar Balarabiyar da ke ƙasanmu. Tun da muka tare ban taɓa yi mata magana ba, kin san ni. Ta nuna bokitin da sandarta, ta ce in sauko da shi, sanyin tsohuwa bai zo ba tukuna. Wai wata tsohuwa ce a da ta ga ɗumi irin wannan ta aske tumakinta, sanyi ya dawo ya kashe su duka. Na sunkuyar da kai na gudu.

Na gaya wa Baba, ya yi dariya, ya ce shi da ke tuƙi kullum ya san zafi ya shigo, har ya cire rigar sanyi daga mota. Na bar zogalen a sama. Jibi hutun ranar kafa ƙasa ne, za mu je tsohon garin Dir'iyya kallo.

Jikarki,
Zouera

Kakata,

Gaisuwa mai yawa. Na ji an ce kin fara zuwa kasuwa da kanki, alhamdu lillahi.

Sanyin tsohuwar nan ya zo, Kaka. A Dir'iyya muna kallon masu rawa da takubba bayan la'asar, yara duk sun sha kayan gargajiya, sai iska ta juyo kamar an buɗe firji. Baba ya cusa hannuwa a hammata. Ni dai zogalena kawai nake tunani. Hanya ta cushe, ba halin komawa da wuri.

Inna tana da lambar Ummu Amir, amma Larabcinta na cefane ne. Yaya Maulud ya ce shi ba zai kira tsohuwar mutane saboda ganyen miya ba. Sai Inna ta miƙo mini wayar. Wallahi kamar in yi kuka. Na yi sallama, na ce ni ce 'yar sama mai bokiti, ta taimaki zogalena kar sanyi ya kashe shi. Ta yi ta faɗa har Baba yana jiyowa, wai ashe ina da baki. Ta kashe wayar ba ta ce to ba.

Da muka dawo na ruga sama, ba bokiti. Na sauko na ƙwanƙwasa ƙofarta da kaina. Ga zogalena a falonta kusa da hita, an naɗe bokitin da babbar rigar gashi ta marigayi mijinta. Da ciwon gwiwarta ta hau benen nan.

Ta hana ni ɗaukarsa, wai mu ba mu san garin ba, sai ranar da ta ce sanyi ya wuce. Don haka kullum bayan makaranta nake zuwa ba shi ruwa, ta zaunar da ni da gahawa da dabino, ba ta sakina sai na ba ta labarin Maradi. Ganyen ƙasa sun zube, amma jiya na ga sabon toho a kai. Na yi ihu a falon mutane, ni Zouera! Ta ce miyar farko tata ce, ko Baba bai isa ba.

Ki gaida kowa. Allah ya ƙara miki lafiya.

Taki har kullum,
Zouera