Gyaran da Dakta Lawal ya yi mini

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya iyali, ya jikin Inna? Ya ƙarin haƙurin Dakta Lawal ɗan Kawu? Allah Ya jiƙansa.

Shekara tara ina ƙarƙashinsa a jami'a nan Makka. Ni ke shan ranar Muzdalifa ina kafa na'urori, shi duniya ke ambato, sunana kullum a wutsiya. Ban manta ba, amma gaskiya basirar tasa ce.

Bincikenmu na ƙarshe kan yadda wayoyin alhazai za su miƙa wa juna saƙo idan sabis ya ɗauke ne. Abokan aikinmu na Masar suka ce tunda ya rasu, a cire sunansa daga takardar binciken, nawa ya hau gaba. Wallahi na amince.

Ranar Talata bayan Azahar na buɗe takardar da muke rubutawa tare ta intanet, na goge sunan. Sai ga gyara ya fito a shafi na shida, daga gare shi. Har ya rubuta yadda ya saba: "Bala, sake duba lissafin nan." Na duba, shi ke da gaskiya.

Na kira matarsa a unguwar Shisha, ta ce kwamfutarsa tana cikin akwati a kashe tun ranar jana'iza. Abokai sun ce tsohon saƙo ne ya maƙale. Wataƙila. Amma Yaya, kuskuren nan bayan rasuwarsa na yi shi.

Na mayar da sunansa gaba. Ki gaida kowa, Inna ta sa mu a addu'a, ni da shi.

Ƙaninki,
Bala